Cingam Fakiti Arba'in: Yadda Aka Gano Cewa Takura Ciki Ke Haifar da Kwaɗayi

A watan Nuwamba na 1944, yayin da Yaƙin Duniya na Biyu ya doshi ƙarshe, samari 36 suka tare a wasu ɗakuna da ke ƙarƙashin filin wasa na Jami'ar Minnesota, a birnin Minneapolis na Amurka. Dukkansu sun ƙi ɗaukar makami saboda aƙida, kuma gwamnati kan tura irinsu aikin farar hula a madadin fagen daga, wasu kashe gobarar daji, wasu jinya a asibitocin taɓin hankali. Waɗannan sun amsa wani kira na daban. Sun yarda a bar su da yunwa tsawon wata shida, domin likitoci su koyi yadda za a farfaɗo da ɗimbin mutanen Turai da Asiya da yaƙi ya ƙarmasar.

Jagoran aikin shi ne Ancel Keys, masanin yadda gaɓoɓin jiki ke aiki, wanda ya yi suna wajen tsara guzurin da sojojin Amurka ke ɗauka zuwa bakin daga. Rage ƙiba ba ta cikin lissafinsa ko kaɗan. Amma rahoton da ya fitar da abokan aikinsa a 1950, mujalladi biyu masu shafi 1,385, ya zama wurin da masana ke komawa har yau idan ana neman amsar wata tambaya da ta addabi duk mai ƙayyade abinci: me ya sa mutum mai hankali, wanda ya ƙudurta da safe cewa yau ba zai taɓa kayan zaƙi ba, yake tsintar kansa tsaye gaban firij da tsakar dare?

Tsarin gwajin mai sauƙi ne. Makonni 12 na farko an ciyar da samarin sosai, kimanin kalori 3,200 a rana. Daga 12 ga Fabrairu 1945 aka zabge abincin zuwa kusan rabi, wajen kalori 1,570, sau biyu a yini, kuma irin cimar da ta rage wa mutanen Turai a lokacin: dankalin Turawa, kabeji, burodi, makaroni da wasu saiwoyi na ƙasashen sanyi. An wajabta wa kowa tafiyar ƙasa ta kilomita 35 a mako. Cikin makonni 24 kowannensu ya zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Bugun zuciya ya ragu, sanyi ya riƙa kama su ko a lokacin zafi, zama kan benci ya zama azaba saboda babu tsokar da za ta tare ƙashi.

Duk wannan an yi tsammaninsa. Abin da ya ba masu binciken mamaki shi ne abin da ya faru da tunanin samarin. Mutanen da suka zo suna muhawara kan siyasa da addini da makomar duniya bayan yaƙi, sai hirarsu ta koma abinci, mafarkinsu ya koma abinci. Suka shiga tara littattafan girki suna karantawa da dare kamar labarin soyayya. Wasu suka fara sayen cokula da tukwanen da ba su da abin dafawa a ciki. A sinima idonsu kan tsallake taurarin fim ya sauka kan abin da ke kan tebur. Abincin da za a cinye cikin minti goma sai a ja shi ya kai awa biyu, ana tsarma shi da ruwa don ya yi auki, ana lashe faranti. An bar musu kofi da cingam ba iyaka tun da ba su da wani kalori na a zo a gani, sai ga wasu na tauna fakiti arba'in a yini, har dole ta sa aka ƙayyade fakiti biyu, kofi kuma kofi tara.

Sai kuma aka fara karya doka. Ɗaya daga cikinsu ya shiga gari ya sha madara da askirim a ɓoye, daga bisani ya saci alewa. Wani, da ke taimakawa a kantin kayan masarufi, ya afka wa biskit da gugguru da ayaba biyu da suka nuna har suka wuce, nan take ya amayar da su, ya koma ya kai ƙarar kansa cikin kunya da tsanar kai. Daga nan aka hana kowa fita shi kaɗai, sai da ɗan rakiya. Ya kamata a tuna su wane ne waɗannan mutane. An tace su daga cikin ɗaruruwan masu neman shiga bisa lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa, kuma mutane ne da suka iya tsayawa kan aƙidarsu a lokacin da ƙasa baki ɗaya ke yi musu kallon matsorata. Idan ana maganar ƙarfin zuciya, da wuya a tara wasu 36 da suka fi su. Duk da haka huɗu ba su kai ƙarshen gwajin ba.

Da aka fara mayar musu da abinci, tsugune ba ta ƙare ba. Wasu sun ce makonnin farko na farfaɗowa sun fi na yunwar tsanani, kuma a lokacin ne ɗaya daga cikinsu ya datse yatsunsa uku da gatari, ya kuma kasa tabbatarwa ko ganganci ne ko tsautsayi. Mutum 12 da suka ci gaba da zama bayan an cire takunkumi gaba ɗaya sun riƙa cin abin da ya kai kalori 8,000 zuwa 10,000 a wasu ranakun ƙarshen mako. Su ci har ciki ya ɗaure, su tashi suna cewa ba su ƙoshi ba. Nauyinsu ya dawo ya zarce inda yake tun farko, kitse ya riga tsoka dawowa, kuma an ɗauki watanni, ga wasu fiye da shekara, kafin cin abincinsu ya daidaita.

Don a gane nauyin wannan sakamako, sai an dubi abin da aka yi imani da shi kafin nan. A 1863 wani Bature mai sana'ar shirya jana'iza a Landan, William Banting, ya wallafa ɗan littafi kan yadda ya rage teɓa ta hanyar barin burodi, sukari, giya da dankali, littafin ya karɓu har sunansa ya zama kalmar da ake nufin rage ƙiba da ita a Ingila. A 1918 wata likita a Los Angeles, Lulu Hunt Peters, ta fitar da littafin da ya koya wa talakan Amurka ƙidayar kalori, ta kuma yayata adadin 1,200 a rana, adadin da har gobe yake yawo a wayoyin mutane. A wannan mahanga, ƙiba lissafi ce, kuma wanda ya kasa riƙe lissafin rago ne ko makwaɗaici. Abin lura shi ne abincin da Keys ya kira na yunwa ya fi na Peters yawa. Gaskiya ne samarin Minnesota ba su da kitsen da za su ƙona, kuma suna aikin ƙarfi, saboda haka kwatancen bai daidaita ta kowace fuska ba. Amma ya isa ya sa mutum ya dakata.

Masu ilimin ƙwaƙwalwa sun biyo ta wata hanyar. Hilde Bruch, likitar yara Bayahudiya da ta gudo daga Jamus bayan hawan Hitler mulki, ta isa New York a 1934, kuma abin da ya fara ɗaukar hankalinta shi ne yawan yara masu ƙiba a tituna. Ta shafe shekaru tana zama da su da iyayensu mata, ta fito da ra'ayin da har yanzu ake juyawa: jin yunwa abu ne da yaro ke koyon tantancewa. Jaririn da duk kukan da ya yi, na sanyi ne, na tsoro ne ko na kaɗaici, abinci ake cusa masa, zai iya girma bai san bambancin yunwa da damuwa ba. Jamusawa dama suna da kalma guda da ke nufin kitsen baƙin ciki. A 1957 masana biyu, Harold da Helen Kaplan, suka tsara wannan tunani a matsayin nazariyya: mutum na ci ne domin cin yana kwantar da fargaba, kuma abin da ya kwantar da fargaba sau ɗaya za a sake nemansa.

Albert Stunkard, likitan ƙwaƙwalwa, shi ya sa wa abubuwan suna. A 1955 shi da abokan aikinsa suka bayyana halin mutanen da ba sa son karin kumallo amma su raba dare suna ciye-ciye. A 1959 ya bayyana cin afkawa, wato mutum ya cinye abinci mai yawa cikin ɗan lokaci yana jin ba shi da iko da hannunsa, sannan nadama ta biyo baya. A wannan shekarar kuma shi da wata masaniyar abinci, Mavis McLaren-Hume, suka bi diddigin mutum 100 da aka ɗora kan tsarin rage ƙiba a wani asibitin New York. Mutum 12 kacal suka rage kilo tara ko fiye, bayan shekara biyu kuwa biyu ne suka riƙe ragin. Mutum ɗari a asibiti ɗaya ba su isa a yanke wa duniya hukunci da su ba, amma daga nan ne maganar nan ta samo asali, wadda ake ta maimaitawa, cewa kusan duk mai rage ƙiba komawa yake yi.

A tsakiyar wannan yanke ƙauna wata matar aure a unguwar Queens ta New York, Jean Nidetch, ta gano wani abu da ba a rubuta a takardar asibiti ba. A 1961, tana da nauyin kilo 97, wata da ta sani ta gamu da ita a kanti ta tambaye ta yaushe za ta haihu, alhali ba ta da ciki. Ta shiga shirin rage ƙiba na hukumar lafiya ta birnin, amma ta kasa gaya wa ma'aikaciyar cewa tana ɓoye biskit mai cakulan a kwandon kayan wanki tana ci da dare. Sai ta gayyato ƙawayenta shida gida ta faɗa musu. Kowace ta fito da nata sirrin. Wannan zama na mako-mako shi ya zama kamfanin Weight Watchers a 1963. Ko me za a ce game da kasuwancin da ya biyo baya, kuma akwai abin cewa, Nidetch ta fahimci cewa ɓoyo da kunya suna cikin abin da ke ciyar da ɗabi'ar.

Gwaji na zahiri kan dangantakar damuwa da ci ya zo ne daga Stanley Schachter na Jami'ar Columbia a 1968, kuma bai ba Kaplan gaskiya yadda aka zata ba. Ya tsorata ɗalibai da cewa za a jona musu wutar lantarki, sannan ya ajiye musu biskit. Marasa ƙiba suka rage ci, kamar yadda tsoro ke ɗaure cikin kowace dabba. Masu ƙiba suka ci kusan abin da suka saba, tsoron bai ƙara musu wani abin kirki ba, bai kuma rage ba. A wani gwajin ya murɗa agogon bango ya riƙa gudu, sai masu ƙiba suka ƙara ci don sun ɗauka lokacin abincin dare ya yi. Ya kuma binciki Yahudawa a ranar azuminsu ta Yom Kippur, ya tarar masu ƙiba sun fi samun sauƙin azumin gwargwadon daɗewarsu a wurin ibada, inda babu abinci a gaban ido. Wanda ya taɓa ratsa layin masu tuyar ƙosai da la'asar a watan Ramadan ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Schachter ya kammala cewa agogo, ƙamshi da ganin ido ne ke tuƙa cin wasu mutane fiye da abin da cikinsu ke faɗa.

Ɗalibinsa, Peter Herman, shi ya juya tambayar. Idan ba ƙibar ce ke sa haka ba fa, idan yunƙurin rage ta ne? A 1975, a Jami'ar Northwestern, shi da Deborah Mack suka gayyaci ɗalibai mata da sunan gwajin ɗanɗano. Wasu aka fara ba su kofi ɗaya na madarar da aka dama da askirim, wasu kofi biyu, wasu ba a ba su komai ba. Sannan aka bar kowace ita kaɗai da askirim kala uku, ta ɗanɗana ta ba da maki, ta ci iya son ranta. Waɗanda ba sa ƙayyade abinci suka yi abin da hankali zai ɗauka: wadda ta sha madara ta ci kaɗan. Masu ƙayyadewa suka yi akasin haka. Wadda ba a ba ta komai ba ta ɗan taɓa ta ajiye cokali, wadda ta sha madarar kuwa ta buɗe ciki. Shekara guda bayan haka Janet Polivy ta nuna cewa ba sai abin da aka fara ci ya kasance mai nauyi da gaske ba, ya isa mai ci ya yi zaton mai nauyi ne. Dokar yau ta riga ta karye, gobe a sake sabon lale. Hausawa sun daɗe da sanin wannan lissafi: in za ka sha giya, sha ta dubu.

Herman da Polivy sun maimaita gwajin tsoro, suka ga marasa ƙayyadewa sun rage ci, masu ƙayyadewa kuwa ba su rage ba, har sun ɗan ƙara. Fiye da shekara arba'in bayan nan, a 2018, Catharine Evers ta Jami'ar Utrecht da ke Holan da abokan aikinta suka tattara gwaje-gwajen da aka yi kan wannan batu. Mutanen da ke kiran kansu masu cin ɓacin rai ba su nuna ƙarin ci a fili ba idan aka ɓata musu rai a ɗakin gwaji. Waɗanda suka nuna su ne masu takura wa cikinsu. Farin ciki ma, in ji binciken, yana ƙara ci, abin da duk mai zuwa biki zai shaida. Damuwa dai ba ta ƙirƙiro yunwar ba. Ta tarar da mutum yana danne ta da ƙarfi, ta kwance masa hannu.

Ba a bar wannan nazariyya ta wuce ba gardama, kuma daidai ne. Bincike a kan masu ƙiba da ke rage abinci a hankali ƙarƙashin kulawar likita bai nuna cewa hakan na jefa yawancinsu cikin cin afkawa ba. Wani masani Bajamushe, Joachim Westenhoefer, ya raba gardamar a 1991 da ya bambanta takura iri biyu. Akwai mai tsauri, ta ko duka ko babu, mai jerin haramtattun abinci da ranar farawa da ranar faɗuwa. Akwai mai sassauci, wadda mai ita zai ci yankan kek a wurin suna ya rage wani abu a gaba ba tare da ya ɗauka ya yi saɓo ba. Ta farkon ce ke tafiya tare da afkawa.

Maganin da ya fi daɗewa yana aiki ya fito ne daga mutanen da suka daina tambayar mai ci me ya sa ba shi da haƙuri, suka koma tambayarsa a ina, da ƙarfe nawa, yana yin me. A 1967 Richard Stuart na Jami'ar Michigan ya wallafa sakamakon aikinsa da mata takwas. Bai fara da hana su kowane abinci ba. Ya sa su rubuta duk abin da suka ci, da lokaci, da wuri, da halin da zuciyarsu ke ciki. Sannan a ci a wuri ɗaya tak a cikin gida, ba karatu, ba kallon talabijin. A ajiye cokali tsakanin loma da loma. A dakata na 'yan mintuna a tsakiyar ci, don mutum ya ɗanɗana cewa yana iya tsayawa. Kada a ajiye a gida sai abin da sai an dafa. A tanadi wani abin yi na daban don sa'o'in da aka san hannu na kai wa baki. Cikin shekara guda matan suka rage tsakanin kilo 12 da 21. Waɗanda suka bi sawunsa da mutane masu yawa ba su sami irin wannan gagarumar nasara ba, amma kusan duk shirin rage ƙiba na asibiti a yau a kan harsashinsa yake.

Dalilin da ya sa wuri ke da wannan ƙarfi ya fito sarai a wani gwaji na 2011 da David Neal da Wendy Wood suka jagoranta. An raba wa masu kallo a sinima gugguru, wani sabo, wani ya kwana bakwai. Waɗanda suka saba cin gugguru a sinima suka ci tsohon kamar yadda suka ci sabon, duk da sun ce ba daɗi. Da aka kai irinsu ɗakin taro maimakon sinima, ko aka ce su ci da hannun da ba su saba ba, sai daɗin abin ya dawo yana tasiri, suka rage cin tsohon. Sabo turken wawa, amma turken a kafe yake a wani wuri takamaimai, kuma ana iya matsawa daga wurin.

Shi kansa abin da ake ci ya sauya tun zamanin Keys. A 2019 Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ya kwantar da mutum 20 na wata guda. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta da aka sarrafa matuƙa, mako biyu abincin da aka girka daga ɗanyen kaya, an daidaita sukari, mai da gishirin da aka gabatar musu, aka ce kowa ya ci yadda yake so. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kimanin kalori 500 a rana, suka ƙara kusan kilo ɗaya, a sauran makonnin suka zubar da kusan haka. Babu wanda aka tsorata, babu wanda aka ɓata wa rai.

Wanda ya ɗauki darasin Minnesota ya mayar da shi magani kai tsaye shi ne Christopher Fairburn na Jami'ar Oxford, wanda tun 1981 yake tsara hanyar jinyar masu cin afkawa, ya kuma fitar da littafin taimakon kai a 1995. Matakin farko bayan rubuta abin da ake ci shi ne wanda marasa lafiyarsa suka fi jin tsoro: a ci sau uku a rana, a ƙara da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku da aka tsara tun da safe, kada tazara ta wuce awa huɗu, kuma tsakanin waɗannan lokuta a kame baki. Mutumin da ya zo neman a raba shi da ciye-ciye sai ya ji an rubuta masa ciye-ciye a jadawali. Abincin da ya haramta wa kansa ma daga baya ake dawo masa da su ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan, da rana, a zaune. Idan kuma ya zame ya afka da dare, umarnin shi ne kada ya rama da tsallake karin kumallo, ya zauna ya ci a kan lokacinsa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ba ta sanya cin afkawa a jerin cututtuka masu zaman kansu ba sai a 2013, shekara 54 bayan Stunkard ya bayyana shi.